Abin Da Ya Sa Gajeriya Karkarwa

Zuwa ga mahaifina, Malam Haruna na Dayi.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Baba, bayan gaisuwa irin wadda ta kamata 'ya ta yi wa mahaifinta, ina fata wannan takarda ta same ka cikin rahamar Ubangiji, a makwanci mai yalwa da sanyi. Mu nan gida lafiya lau muke. Inna tana nan, ƙafar ce dai ke ɗan taɓa ta idan an yi ruwa. Yaya Sani da iyalinsa suna lafiya. Damina ta yi kyau, masara ta shigo gida, dawa ta fid da kai. Wake kuma yana cikin fure lokacin da abin da zan ba ka labari ya faru.

Na san ba kai za ka karanta ba. Mutanen da ke bin rubutuna a waya ne za su karanta, kuma wasunsu za su ce malamar firamare guda, uwar 'ya'ya, ta rasa abin rubutawa sai kare. Su je su yi ta faɗa. Kai nake yi wa bayani, don kai ka bar min ita.

Labarin karyarka ne, Gajeriya.

Ka san ni da kare ba mu taɓa shiri ba, kuma har yau ban canza ba. Ba na son warinsa, ba na son yadda yake kallon mutum yana cin abinci, idan kuma ya goge ni da jiki sai na sake zani, ko da malamai sun ce ba dole ba ne. Na faɗi wannan ne tun farko don kada wani ya ɗauka ƙauna ce ta sa na yi abin da na yi.

Ina tuna ranar da ka dawo da ita daga Gozaki a cikin kwandon kekenka. Abokinka Nomau, Bamagujen nan da kuke musayar iri da shi tun kuna samari, shi ya ba ka. Inna ta tsaya a ƙofar tsakar gida ta ce iyakar abin nan zaure. Ka ce ka ji. Aka yi ta jira ta girma, ta ƙi girma. 'Yan'uwanta duk sun zama manyan karnukan farauta, ita ta tsaya kamar ƙatuwar kyanwa, ƙafafu gajeru, kunne ɗaya a miƙe ɗaya a kwance. Mutane suka yi ta yi maka dariya a majalisa. Ka ce musu, "Ba zaki na ce ta kamo mani ba. Gafiya ce ke ci mani hatsi." Aikin kuwa ta yi shi, don tun zuwanta ba mu sake ganin ramin gafiya a gindin rumbu ba.

A ciwonka na ƙarshe ba ka yi doguwar wasiyya ba. Gona ka ce Yaya Sani ya riƙe. Inna ka bar wa Allah da mu gaba ɗaya. Ni kuma, da na dawo gida da zama tun rasuwar maigidana, ka dube ni ka ce, "Rakiya, kar a bar Gajeriya da ƙishi." Na ce to. Ban tambaye ka dalilin da ya sa ka zaɓe ni ba. Ina dai zargin ka san duk gidan ni ce idan na ce to ba na fasawa, ko da zan yi abin ina ƙunƙuni.

Haka kuwa aka yi. Kullum kafin in tafi makaranta ina cika mata kaskon nan da kake zuba mata ruwa a zaure, in zube mata ƙanzo ko ragowar tuwo a ƙasa. Da yamma in sake cikawa. Ba na yi mata magana, ita ma ba ta matsa mini. Tun rasuwarka ta daina bin kowa gona. A zaure take wuni, ta fita zagayen rumbu, ta dawo.

Kaskon ya fashe a makon da aka fara feshin wake. Yaya Sani ne ya ture shi da tayar babur yana shigowa. Ka san dokar gidanmu, wadda ita ce ta kowane gida a unguwar nan: kwanon da kare ya sa wa baki ya fita daga kwanukan mutane. Ko an yi masa wankin nan har da ƙasa, ba matar da za ta sake zuba miya a ciki da daɗin rai. Saboda haka ba a ɗaukar wa kare kwano daga ɗaki, ba kuma a zuwa kasuwa a sayo masa sabo, don za a ce mutum ya rasa abin yi. Abin da aka riga aka yar ake nema masa. Yaya Sani ya shiga ɗakin kayan gona ya fito da wani farin galan da ya gama amfani da shi, ya ɗauraye shi da ruwa, ya yanke shi biyu da wuƙa, ya ajiye gindin a inda kaskon yake. Na ga abin ya yi kyau, ya ma fi kaskon cin ruwa. Na ci gaba da cikawa safe da yamma.

Ba a daɗe ba ta fara karkarwa. Da farko a ƙafafun baya ne, idan ta miƙe tsaye. An yi ruwa a daren da ya gabata, sai na ce sanyi ne, na jefa mata tsohon buhu. Washegari rana ta take, ita kuma tana kwance a cikin ranar tana ɓari. Daga nan abin ya hau jikin gaba ɗaya. Fatar bayanta tana motsi ita kaɗai, gefen bakinta yana tsuke yana saki, idan ta tashi tafiya sai ta yi tangaɗi ta faɗi. Ta ƙi tuwo. Ta fara amai da zawo. Ruwa kaɗai take iya sha, ni kuma da na ga shi kaɗai take karɓa sai na ƙara mata.

Inna ta ce iska ce. Ta ce wa ya san inda take ratsawa da tsakar rana, ga tsamiyar nan ta bayan gida. Ta ba da garwashi da wani ƙulli a yi mata hayaƙi, ita dai ba ta taka zauren ba. Hayaƙin ya sa karyar tari, bai ƙara komai ba. Sai Inna ta ce ko a ɗura mata manja, idan wani abu ta ci. Wannan bai yiwu ba, don babu wanda ya yarda ya buɗe mata baki.

Ranar kasuwa Nomau ya biyo gaishe da Inna, kamar yadda yake yi tun da ka rasu. Ya tsufa ƙwarai, Baba, da sanda yake tafiya yanzu. Ya tsuguna a zaure ya kira sunanta, ta ɗaga kai ta kaɗa masa wutsiya tana ɓari. Ya daɗe yana kallonta. Ya ce, "Ɗiyata, wannan ba hauka ba ce. Mahaukacin kare bai san sunanshi. Amma mi ke gare ta, ban sani ba." Ya kwance wani sassaƙe daga jakarsa ya ce in jiƙa mata a ruwan sha. Na jiƙa mata shi a cikin galan ɗin nan.

Abin da ya tayar da unguwa shi ne dalala. Yawu ya fara zuba daga bakinta ba tsayawa, har yana jiƙa ƙasa. Masu wucewa suka leƙa zaure suka gani. Kafin la'asar magana ta zagaya cewa karyar gidan marigayi Malam Haruna ta haukace. Mata suka kulle yara a gida. Masu zuwa sayen man gyaɗa wurin matar Yaya Sani suka daina shigowa, sai su tsaya daga nesa su yi sallama.

Bayan sallar la'asar Malam Ilu mai unguwa ya zo. Bai zo da faɗa ba. Ya tsaya a waje, ya gaishe mu, ya yi maka addu'a, sannan ya ce ya san karyar amana ce, amma yaran unguwa ma amana ne. Ya tuna mana yarinyar nan da kare ya ciza a wani ƙauye ta yamma da mu, da irin mutuwar da ta yi. Ya ce ko dai mu kawar da ita da kanmu kafin a sauko daga Juma'a, ko samari su zo su yi. Yaya Sani ya ce gaskiya ne. Ban ga laifinsu ba a lokacin, kuma har yanzu ban gani ba. Yaya Sani yana da yara ƙanana masu rarrafe har cikin zauren nan.

Ban yi kuka ba, ban kuma yi musu ba. Na ce a ba ni zuwa gobe in kai ta asibitin dabbobi a Malumfashi. Idan likita ya ce hauka ce, a can za a gama da ita, ba sai an dawo da ita ba. Malam Ilu ya ce ya yarda, muddin a ɗaure za ta kwana. Da labari ya shiga ciki, Inna ta ce, "Kare a asibiti. Ashe da sauran abin gani a duniya."

Da safe na nemi ɗan acaba. Duk wanda na faɗa wa abin da za a ɗauka sai ya tuna yana da wani fasinja. Ɗaya ma ya ce shi da alwala yake aiki. Na dawo gida na tarar Yaya Sani ya fito da babur yana goge shi, fuska a ɗaure. Bai ce mini komai ba sai, "Hau mu je, kar rana ta yi." Na sa leda a hannuwa biyu, na naɗe ta da buhu, na sa ta a kwalin sabulu da muka huda. Ba ta da nauyi ko kaɗan. Tun daga Dayi har Malumfashi kwalin yana rawa a kan cinyata, ni kuma ina kallon gonakin mutane.

A harabar asibitin akwai raguna, da wani sa mai kumburin wuya, da wata mata da kaji a kwando. Da aka ji abin da ke cikin kwalina, sai aka buɗe mana hanya fiye da yadda muke bukata. Likitan wani mutum ne mai sanyin magana, ba yaro ba, ba kuma tsoho ba. Bai yi dariya ba. Ya sa safar hannu, ya ɗaure mata baki da bandeji, ya ɗora ta a kan tebur, ya ce mu matsa baya kaɗan.

Zan faɗa maka yadda ya bi abin, don na san kana son bayani daki-daki. Ya ce karkarwa a jikin ƙaramin kare ba ita ce cutar ba, alama ce, kuma abubuwa da yawa suna kawo ta. Sanyi yana kawowa, tsoro yana kawowa, ciwo a wani wuri na jiki yana kawowa. Ƙaramin kare idan ya daɗe bai ci ba sukarin jininsa yana sauka ya yi ta ɓari. Karya mai shayarwa tana yi idan 'ya'ya sun tsotse ta. Akwai kuma wata cuta ta karnuka mai kama jijiya, wadda ke zuwa da majina da kwantsa. Akwai guba. Akwai hauka. Ya ce aikinsa shi ne ya yi ta cirewa ɗaya bayan ɗaya har ya ga wanda ya rage.

Ya tambaya ko tana shayarwa, muka ce ba ta taɓa haihuwa ba. Ya gwada zafin jikinta, ya duba hanci da ido, ya matsa ciki da ƙafafu da ƙashin baya. Ya tambaya ko ta ciji wani, ko wani kare ya cije ta, ko halinta ya canza, ko muryarta ta sauya, ko tana iya haɗiye ruwa. Muka ce ba ta ciji kowa ba, ruwa kuma tana sha. Ya tambaya ko an taɓa yi mata allurar rigakafin hauka. Ni ban sani ba. Yaya Sani ne ya tuna ka taɓa ɗaukarta a keke ka kai ta lokacin da ma'aikata suka zo yi wa shanu allura, har aka yi ta tsokanarka wai ka kawo saniyarka. Likita ya ce wannan ya rage masa damuwa, amma bai rufe maganar ba.

Sai ya saurari ƙirjinta, ya daɗe. Ya ce zuciyar tana bugawa a hankali fiye da yadda ya kamata, kuma akwai ruwa-ruwa a numfashin. Ya ja labule, ya haska mata tocila a ido, ya kira ni in gani. Baƙin tsakiyar idon ya tsuke ya koma kamar tsabar gero, ko a cikin duhun bai buɗe ba. Ya ce wannan, da yawun, da zawon, da fatar da ke motsi ita kaɗai, duk wuri ɗaya suke nuna masa. Ya ce guba yake zargi, irin ta maganin ƙwari.

Ya tambaya ko mun sa maganin ɓera a gida. Muka ce ita ce maganin ɓeranmu. Ya tambaya ko an yi mata wanka da maganin feshi don kashe kaska, ya ce mutane suna yi. Muka ce babu mai taɓa ta balle wanka. Ya tambaya ko tana bin masu feshi gona, ko tana kwana inda ake ajiye buhunan wake da aka sa wa magani. Muka ce a'a. Ya shafa mata wuya. Sannan ya ce, "A me take shan ruwa?"

Na ce a gindin galan. Ya ce galan ɗin me. Na juya na dubi Yaya Sani, don ban taɓa tambaya ba. Baba, na ga ɗanka ya cire hula ya sake mayarwa. Ya ce na maganin da ya fesa wa wake ne, amma ya ɗauraye shi sosai. Ya faɗi sunan maganin. Likita ya gyaɗa kai.

Bai yi mana faɗa ba, wanda ya fi faɗan ciwo. Ya ce roba tana shan maganin nan, ɗauraya ba ta fitar da shi, ko da sabulu. Duk lokacin da aka zuba ruwa, musamman idan rana ta dake shi, sai ya riƙa fitowa kaɗan-kaɗan. Ya ce da sa ne ya sha, wataƙila ba za a ga komai ba, amma ita nauyinta bai wuce na manyan zakaru biyu ba, kuma kullum ake ƙara mata. Na tuna yadda ranar yamma take shigowa ta ƙofar zaure ta sauka daidai kan galan ɗin. Na tuna sassaƙen Nomau. Shi ma a cikin galan ɗin na jiƙa shi.

Ya yi mata allura a jijiyar ƙafar gaba. Ya ce mu zauna mu gani, don yadda jikinta zai karɓi allurar shi zai tabbatar masa ko ya yi daidai. Muka zauna a benci. Kafin mai sa ya gama cika mu da labarin sansa, yawun ya fara tsayawa. Numfashin ya daidaita. Da likita ya sake haska idon, baƙin ya buɗe. Karkarwar ce ba ta tafi ba, sai ya yi mata wata allurar ta kwantar da jiki, ya sa mata ƙarin ruwa. Da ta iya haɗiya sosai ya dama wani baƙin gari, gawayi ne na asibiti, ya ɗura mata da sirinji, ya ce shi zai kama abin da ya rage a ciki. Ya wanke mata baki da ƙirji da sabulu. Na ba shi labarin manjan Inna, ya ce Allah ne ya taimaka da babu wanda ya yarda ya buɗe bakin, don mai da madara suna taimaka wa irin wannan gubar ta shiga jini ne, kuma kare mai ɓari yana iya shaƙewa.

Bai yi mana alƙawari ba. Ya ce allurar tana sakin jiki bayan wani lokaci, sai an maimaita, don haka a bar ta wurinsa. Ya ce ko ta warke zai riƙe ta a keji na wasu kwanaki yana kallo, don maganar hauka ba a rufe ta da zato. Muka hau babur muka dawo da kwali babu komai. A hanya Yaya Sani ya tsaya a gefen titi kamar zai duba taya, ya tsuguna ya daɗe bai duba komai ba, sannan ya tashi muka ci gaba.

Kwanakin da suka biyo baya na je makaranta na koyar da darasi yadda na saba. Juma'a ta zo ta wuce, samari ba su zo ba tunda babu abin kashewa. Likita yana kira yana faɗa mini: yau ta tsaya da ƙafafunta, yau ta lashi koko, yau ta yi wa wani rago haushi. Ina cewa madalla in kashe waya. Abin da na lura da shi kawai, da safe sai in tsinci kaina a zaure da moɗa cike da ruwa a hannu. Sai in zuba wa bishiyar zogale in wuce.

Ranar da aka ce mu zo mu ɗauke ta, Inna ta aiki matar Yaya Sani kasuwa ta sayo kasko. Sabo fil, daga hannun mai ginin tukwane. Matan unguwa sun yi magana a kai, wai an yi wa karya kayan ɗaki. Inna ta ce su yi ta yi, ita dai ba za a kashe rai a zaurenta saboda ƙyashin kasko ba. Har yanzu dai iyakar Gajeriya zaure, wannan dokar ba ta motsa ba.

Malam Ilu ya zo da kansa. Na kira likita na ba shi wayar suka yi magana. Sannan ya tsaya a bakin ƙofa ya ga ta fito daga kwali, ta shinshina sabon kaskon, ta sha ruwa har ta ƙoshi, ta zagaya rumbu ta dawo ta kwanta. Ya ce, "To, Allah shi kiyaye gaba." Ya juya ya tafi. Karyarka ta tsira, Baba. Ta rame, kuma idan tana barci ƙafar baya ɗaya takan ɗan motsa, likita ya ce mai yiwuwa ya tafi da kansa.

Da a nan labarin ya ƙare, da ban rubuto maka ba.

Ranar da muka je ɗauko ta, da za mu baro asibitin, likita ya raka mu har wurin babur. Ya ce wa Yaya Sani, "Su wa kuma ke sha a irin galan ɗin nan?" Amsar ita ce kowa. Ka san yadda abin yake a nan. Galan ɗin feshi yana da ƙarfi, yana da murfi mai kyau, ba ya yoyo. Da shi 'yan ƙwadago ke kai ruwa gona. A cikinsa ake zuba kunu, da man gyaɗa, da ruwan alwala. Likita ya ce a huda su duka yadda ba za su sake riƙe komai ba, a binne su nesa da rijiya, kada a ƙona.

Yaya Sani ya ɗauki abin da zafi. Ya bi gidan ɗaki-ɗaki yana tattarawa, ya jibge su a tsakar gida yana huda su da ƙarfe. Da ya gama da ko'ina sai ya buɗe ɗakinka. A bayan ƙofa, a kan ƙusa, naka yana rataye. Wanda ka ɗinke da buhun algarara kake jiƙawa don ruwan ya yi sanyi, ka yi masa maratayi da igiyar rama, kake ɗaurawa a bayan keke duk ranar da za ka gona. Tun ina yarinya nake ganin irinsa a wurinka, idan ɗaya ya tsufa ka sake ɗinke wani. Yaya Sani ya farke buhun da wuƙa. A ƙarƙashi takardar jikin galan ɗin ta koɗe, amma ana ganin hoton ganyen auduga, da ɗan ƙoƙon kai da ƙasusuwa biyu a gefe.

Baba, hannunka na dama.

Ina tuna yadda kofin shayi yake ƙara a kan faranti idan ka ɗauka. Ina tuna yadda kake tura hannun cikin riga idan baƙi suka zo, ka miƙa musu goro da taimakon na hagu. Ina tuna ranar da carbinka ya tsinke ka kasa zura zaren, ka miƙo mini ba tare da ka dube ni ba. Kowa ya ce tsufa ne. Kai ma ka ce, "Hannun ne ya gaji da fartanya." Muka yi dariya, Inna ta koma zuba maka shayi rabin kofi don kada ya zube.

Na kira likitan na tambaye shi. Ya ce shi likitan dabbobi ne, ba zai yi magana a kan mutumin da bai gani ba. Ya ce tsufa shi kaɗai yana sa hannu rawa, shekaru ana feshi ana sha a irin wannan abu ma suna iya sawa, kuma yanzu babu mai iya rarrabewa. Don haka ban sani ba. Ban ce shi ne ba, kuma ba na ɗora wa kowa laifi. Kwananka ne ya ƙare, na yarda da wannan.

Amma abin yana zaune mini a rai. Gajeriya ta yi 'yan kwanaki tana karkarwa, aka sami wanda ya tambaya a me take shan ruwa. Kai ka yi shekaru, Baba, kuma tambayar ba ta zo wa kowa ba.

Naka ne kaɗai Yaya Sani bai iya hudawa ba. Ya riƙe ƙarfen ya tsaya. Inna ce ta taso da ƙafarta mai ciwo, ta karɓa, ta huda shi da kanta, ta koma ɗaki ta sakaya ƙofa. Ni na kwashe buhun da igiyar na ajiye, don ɗinkin hannunka ne, kuma daga yadda zaren ya karkace na gane lokacin da ka yi shi.

Ina kewarka, Babana. Ina so a ce ka zo ka zauna a zaure ko na wuni ɗaya, in riƙe hannun nan da nawa biyu har ya tsaya.

Allah ya jiƙanka, ya gafarta maka, ya haskaka kabarinka. Ya karɓi wahalar da ka sha a gona don mu ci. Ya shayar da kai ruwan Aljanna mai tsabta, ka ɗauki kofin cike, ka kai shi baki ko ɗigo bai zube ba. Ya haɗa mu da kai a inda babu ciwo. Amin.

Wassalam.

'Yarka,
Rakiya.